Tarihin Taswirar Kafanchan da Kudancin Jihar Kaduna: Daga Awon Safiyo Zuwa Buɗaɗɗun Rumbunan Bayanai

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya buɗe taswirar Nijeriya a kwamfuta ko a wayar hannu a yau, ya nemi garin Kafanchan, zai same shi nan take, tare da titunansa da layin dogon da ya ratsa shi da rafukan da ke kewaye da shi. Sauƙin wannan aiki yakan sa a manta cewa kowane layi da ke kan allon akwai wanda ya auna shi, kowane suna kuma akwai wanda ya ji shi daga bakin wani ya rubuta, kuma akwai buƙatar da ta sa aka yi hakan. Bayanan taswira da ake saukewa kyauta daga intanet gado ne da aka tara cikin kusan shekara ɗari biyu, daga labaran fatake da littattafan matafiya, zuwa awon safiyon mulkin mallaka, zuwa hotunan jiragen sama da na taurarin ɗan Adam.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda aka tara wannan gado a kan Kafanchan da kudancin Jihar Kaduna, da nuna abin da kowane zamani ya shigar cikin taswira da abin da ya bari a waje. Batun ya shafi masana harshe ta fuska biyu. Ta farko, duk wata taswirar harsuna a kan taswirar ƙasa ake ɗora ta, saboda haka kuskuren ta ƙasa yakan haura zuwa ta sama. Ta biyu, sunayen wurare su kansu bayanan harshe ne, kuma a yanki mai harsuna da yawa irin wannan, sunan da taswira ta zaɓa yana da nauyi a wajen mutanen da ke zaune a wurin.

2.0 Yankin da Al'ummominsa

Garin Kafanchan shi ne hedkwatar ƙaramar hukumar Jama'a. Yana wajen digiri 9 da minti 35 arewa da layin da ya raba duniya biyu, da wajen digiri 8 da minti 18 ta gabas, a gindin tsaunukan da suka gangaro daga tudun Jos ta yamma. Duwatsun Kagoro, waɗanda tsayinsu ya haura mita 1,000 daga teku, suna gabas da shi. Mazaɓar majalisar dattawa ta Kaduna ta Kudu ta ƙunshi ƙananan hukumomi 8 daga cikin 23 da jihar ke da su, wato Jama'a da Kaura da Zangon Kataf da Jaba da Sanga da Kachia da Kagarko da Kauru. Yankin ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, yana da gandayen daji irin na Nimbia, kuma ya yi suna wajen noman citta, musamman a ƙasashen Jaba da Kachia.

Ta fuskar harshe, wannan yanki yana daga cikin wuraren da harsuna suka fi cunkushewa a Nijeriya. Akwai Tyap da danginsa na kusa kamar Gworok da Sholio da Takad da Fantswam, akwai Jju da Hyam da Gyong da Adara da Ninzo da Nikyob, da wasu da dama. Yawancinsu suna cikin rukunin harsunan Filato na reshen Binuwai-Kwango, bisa rabon da Greenberg ya yi a 1963, wanda masana suka yi ta gyarawa daga baya. Ga kuma Fulatanci a rugage, ga Hausa wadda ta zama harshen kasuwa da na hulɗa tsakanin al'ummomin. Wannan matsayi na Hausa shi ne mabuɗin fahimtar yawancin sunayen da suka hau taswira.

3.0 Kafin Zuwan Safiyo

Tun kafin wani Bature ya taka yankin, fatake suna da cikakken sanin hanyoyinsa. Ayarin da ya tashi daga Kano ko Zariya zuwa Keffi da gaɓar Binuwai yakan ratsa ta nan, kuma madugu yana riƙe da jerin zanguna a kansa: kwana nawa ne daga wannan zango zuwa wancan, ina ake samun ruwa, wane rafi ne ba ya ƙetaruwa da damina, wane sarki ake ba gaisuwa. Sunan Zangon Kataf kansa shaida ne, domin zango ne na fatake a ƙasar mutanen da Hausawa ke kira Katafawa. Irin wannan sani ba a rasa rubuta shi ba a ƙasar Hausa. A 1824 an zana wa Clapperton taswira a fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato, wadda aka buga a Ingila a 1826. Ma'auninta kwanakin tafiya ne da alƙibla, kamar yadda fatake ke lissafi.

Wajen 1810 aka kafa Jama'ar Daroro, wadda ta zama masarauta a ƙarƙashin Zazzau, kamar Keffi da Nasarawa. Bayan rasuwar Clapperton a Sakkwato a watan Afrilu na 1827, yaronsa Richard Lander ya biyo hanyar fatake daga Kano ya nufo kudu da niyyar isa kogin Kwara. Ya ratsa wani wuri da ya rubuta Cuttup, wanda ya ce tarin ƙauyuka ne masu yawa kusa da juna, ya isa wani gari da ya rubuta Dunrora, inda mahaya daga Zazzau suka tare shi suka juya da shi Zariya. Ba wuya a gane Katab da Daroro a cikin waɗannan rubuce-rubuce biyu. Abin lura shi ne, Lander daga bakin Hausawa 'yan rakiya ya ji sunayen, ya kuma rubuta su da kunnen Ingilishi. Ke nan tun ranar farko da yankin ya shiga taswirar Turai, sunayensa sun bi ta harsuna biyu kafin su isa takarda.

Akwai wata hanya ta daban da ta fi shafar masana harshe. A Firitawun ta ƙasar Saliyo, S. W. Koelle ya tattara kalmomi daga bakin 'yantattun bayi, ya buga littafinsa Polyglotta Africana a 1854. Cikin harsunan da ya kawo akwai Ham, wato Hyam na ƙasar Jaba. Koelle yakan tambayi kowane mai ba shi bayani sunan garinsu da maƙwabtansu da hanyar da aka biyo da shi zuwa teku, kuma da irin waɗannan amsoshi August Petermann ya zana taswirar da ke cikin littafin. A nan sunan da mutanen ke kiran kansu ne ya shiga rubutu, saboda mai harshen ne ya faɗe shi da bakinsa, ba tare da tafinta Bahaushe a tsakani ba.

4.0 Zamanin Mulkin Mallaka

4.1 Lardi da Gunduma

Bayan Turawan Ingila sun kama Zariya a 1902, buƙatarsu ta farko ga taswira ita ce ta mulki da haraji. Razdan da Di'o suna son sanin ƙauyuka nawa ne a kowace gunduma, mutum nawa ne za su biya haraji, shanu nawa ne za a karɓa wa jangali, kuma wane hakimi ne zai tara. Jami'an da ke rangadi kan doki suka riƙa zana taswirori da kamfas da agogo, suna haɗa su da rahotannin ƙiyasin haraji. A. J. N. Tremearne, wanda ya yi aiki a Jama'a, ya buga rubuce-rubucensa a kan Kagoro a 1912. Littafin Temple na bayanan ƙabilu da lardunan Arewa ya fito a 1919, C. K. Meek kuma ya keɓe babi a kan Katab da maƙwabtansu a littafinsa na 1931.

Iyakokin da aka shata a wannan zamani ba su tsaya wuri ɗaya ba. Jama'a tana cikin Lardin Nasarawa har zuwa 1926, lokacin da aka ƙirƙiro Lardin Filato aka sa ta ciki, alhali ƙasar Zangon Kataf tana Lardin Zazzau. Al'ummomin da harsunansu 'yan uwan juna ne, waɗanda ke auratayya da cin kasuwa ɗaya, sai suka faɗa cikin larduna daban, rahotanninsu kuma suka shiga fayil daban. Mai binciken da ke son haɗa tarihin dangin harsunan Tyap daga takardun Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna dole ya bi waɗannan sauye-sauye, in ba haka ba ya nemi ƙauye a lardin da ba ya ciki a shekarar da yake nazari.

4.2 Kuza da Layin Dogo

Buƙata ta biyu ita ce ta ma'adinai. Haƙar kuza ta bazu daga tudun Jos zuwa ƙasashen Jama'a da Jaba, kuma ba a ba kamfani izinin haƙa sai an auna filin an kafa turaku. Wannan ya sa aka yi wa wasu kwaruruka awo mai zurfi alhali ƙauyukan da ke gefensu ko suna ba su samu a takarda ba. A irin waɗannan ramukan kuza ne aka tsinci mutum-mutumin yumɓu na farko a ƙauyen Nok a 1928, aka kuma sami kan nan da ake kira kan Jama'a a 1943, wanda ya sa Bernard Fagg ya gane cewa al'ada ɗaya ce ta samar da su.

Buƙata ta uku, wadda ta haifi Kafanchan na yau, ita ce ta layin dogo. Layin gabas ya tashi daga Fatakwal ya isa Inugu a 1916 saboda kwal, aka ci gaba da shi ta Makurɗi har ya haɗu da layin Legas zuwa Kano a Kaduna a 1927. A shekarar ce kuma aka buɗe reshen da ya tashi daga Kafanchan ya hau tudu zuwa Jos, gadar Makurɗi ta biyo baya a 1932. Injiniyoyi sun zaɓi wurin mahaɗar ne bisa awon gangaren ƙasa, domin jirgi ba ya hawan tudu mai tsauri. Wurin yana ƙasar mutanen Fantswam, sai tashar ta ɗauki sunan da Hausawa ke kiran su da shi. Ma'aikata daga kudu da arewa suka taru, kasuwa ta kafu, har a 1933 fadar Sarkin Jama'a ta komo Kafanchan. Da aka kammala layin Kuru zuwa Maiduguri a 1964, sai duk jirgin da zai je Barno ya zama tilas ya bi ta wannan mahaɗa. Daga nan sunan Kafanchan ya riƙa fitowa da manyan baƙaƙe a taswira, Jama'ar Daroro da Lander ya sani kuwa ta koma ƙaramin ɗigo.

4.3 Ginshiƙin Awo

Domin a haɗa waɗannan awo-awo na nan da can su zama taswira ɗaya, sai da aka kafa ginshiƙin awo na ƙasa baki ɗaya. Yadda ake yi shi ne a auna tsawon wani layi a fili da matuƙar kulawa, sa'an nan a riƙa auna kusurwa daga kan wannan dutse zuwa wancan, ana lissafa nisa ta hanyar alwatika, har sarƙar ta ratsa ƙasar. A kowane wurin awo ana binne turke na siminti. An ɗauki wani turke a Minna a matsayin tushe, shi ya sa ake kiran tsarin da sunan Minna har yau. An kuma raba Nijeriya gida uku domin shimfiɗa ta a takarda, wato ɗamarar yamma da ta tsakiya da ta gabas. Kafanchan tana cikin ta tsakiya, wadda layin tsakiyarta ke kan digiri 8 da minti 30. Yawancin 'yan ƙasa da suka yi wannan aiki sun fito daga makarantar safiyo da aka kafa a Legas a 1908, wadda daga baya ta zauna a Oyo.

Wannan bayani yana da amfani a aikace. Na'urar GPS da wayoyin hannu suna amfani da wani tsari na duniya mai suna WGS 84, kuma tsakaninsa da na Minna akwai bambancin mita gommai a ƙasa. Idan aka ɗora tsohuwar taswira a kan sabon hoto ba tare da an juya lissafin ba, iyakar gona ko ta gunduma tana iya tsallake rafi ta koma ɗaya gaɓar.

5.0 Hoton Sama da Taswirori Masu Lamba

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Ingila ta kafa hukumar safiyon ƙasashen da take mulka a 1946, wadda aka sake wa suna a 1957, aka kuma haɗe ta da hukumar taswirar Ingila a 1984. Ita da Ma'aikatar Safiyo ta Tarayya da ke Legas da ta Jihar Arewa da ke Kaduna suka koma ga ɗaukar hoton ƙasa daga jirgin sama. Jirgi yakan bi layi yana ɗaukar hotuna masu hawa kan juna, a ofis kuma a duba su bibbiyu cikin na'ura, tudu da kwari su fito, a zana layukan da ke nuna tsayin ƙasa. Abin da hoto ba ya iya bayarwa shi ne suna. Sai an aika ma'aikaci ya shiga ƙauyuka ya tambaya, kuma harshen tambayar Hausa ne.

An yanka ƙasar zuwa shafuka masu lamba, kowane shafi rabin digiri a tsaye da rabin digiri a kwance, wato wajen kilomita 55 kowane gefe, a ma'aunin 1:100,000. Kowane shafi kuma an kasa shi huɗu a ma'aunin 1:50,000, inda santimita 2 a takarda ke daidai da kilomita 1 a ƙasa. Shafi na 167 shi ne Kafanchan, na 168 da ke gabas da shi Naraguta, na 188 da ke kudu da shi kuma Jama'a. Har yanzu masana ma'adinai da waɗannan lambobi suke kiran yankin. A shekarun 1970 an ƙara manyan ayyuka biyu: binciken albarkatun ƙasa na tsakiyar Nijeriya da ƙwararrun Ingila suka yi, wanda ya keɓe juzu'i guda ga shimfiɗar Jama'a, da kuma ɗaukar hoton ƙasar duka da rada daga jirgin sama domin taswirar itatuwa da amfanin ƙasa.

Waɗannan shafuka su ne mafi ingancin abin da aka taɓa bugawa a takarda a kan yankin, amma ba a riƙa sabunta su a kai a kai ba, kuma samunsu sai an je ofishin safiyo. A halin nan iyakoki suna ta sauyawa: Jihar Arewa ta Tsakiya a 1967, sauya mata suna zuwa Kaduna a 1976, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, cire Katsina a 1987, da ƙirƙiro sababbin ƙananan hukumomi da masarautu, kamar na Atyap da Bajju a 1995. Takarda ta tsaya cik, ƙasa tana tafiya.

6.0 Taurarin Ɗan Adam da Buɗaɗɗun Rumbuna

Amurka ta harba tauraron Landsat na farko a 1972, amma hotunansa na sayarwa ne har zuwa 2008, lokacin da aka buɗe rumbun ga kowa kyauta. Tun daga nan ɗalibi a Kafanchan yana iya jera hotunan shekaru gommai ya ga yadda garin ya faɗaɗa da yadda kurmi ya ragu. A watan Fabrairu na 2000 kumbon Endeavour ya yi kwana 11 yana auna tsayin doron ƙasa da rada, a aikin da ake kira SRTM. An fara sakin bayanan Afirka a tazarar mita 90, sa'an nan a 2014 aka saki na mita 30. A watan Mayu na 2000 kuma aka daina dagula saƙon GPS da gangan, wanda ya sa ƙaramar na'urar hannu ta iya nuna wuri cikin 'yan mitoci. Tarayyar Turai ta harba Sentinel-2 a 2015, mai ganin mita 10, hotunansa su ma kyauta. Nijeriya ta kafa hukumar binciken sararin samaniya a 1999, ta harba NigeriaSat-1 a 2003 da NigeriaSat-2 a 2011.

Hoto dai hoto ne. Kafin ya yi amfani ga mai tsara gari sai an fitar da tituna da gidaje da iyakoki daga cikinsa a matsayin layuka da ɗigogi masu suna. Hanyoyi uku ne suka fi cike wannan gurbi. Ta farko ita ce OpenStreetMap, wadda aka fara a Ingila a 2004, inda masu sa kai ke zana abin da suka gani ko suka sani, kowa kuma yana da izinin sauke bayanan. Ta biyu ta fito ne daga yaƙi da cutar shan inna. Daga wajen 2012 aka fara maye gurbin taswirorin da masu allurar rigakafi ke zanawa da hannu da waɗanda aka fitar daga hoton tauraro, saboda an gano akwai ƙananan ƙauyuka da rugage da ba sa cikin jerin kowa, yaransu kuma ba a kai musu rigakafi. Wannan aiki, wanda ya taimaka har aka tabbatar da kawar da nau'in ƙwayar cutar na daji daga Nijeriya a 2020, shi ya zama tushen shirin GRID3, mai rarraba bayanan matsugunai da asibitoci da makarantu da iyakokin mazaɓu, da ƙiyasin yawan jama'a a kowane murabba'i na wajen mita 100, wanda masana na Jami'ar Southampton ke lissafawa. Ta uku ita ce gano gine-gine da kwamfuta, kamar rumbun da kamfanin Google ya saki a 2021 mai ɗauke da gine-gine fiye da miliyan 500 a Afirka.

A ɓangaren gwamnatin jiha, an kafa hukumar KADGIS da doka a 2015, ta karɓi aikin filaye da safiyo, ta mayar da rajistar mallakar fili cikin kwamfuta. Bayanan mallaka a hannun hukuma suke, kuma su ne doka ta sani.

Kowane ɗaya daga waɗannan rumbuna yana da iyakarsa a wannan yanki. Gajimaren damina da hazon hunturu suna rufe hoto. Rada tana dawowa daga kan itatuwa, saboda haka a cikin gandun daji tsayin da ta bayar ya fi na ƙasa. Kwamfuta ta fi gane rufin kwano a kan rufin ciyawa. Ƙiyasin jama'a lissafi ne, domin ƙidayar ƙarshe da aka yi ita ce ta 2006. Iyakokin mazaɓu 255 na jihar da ake saukewa kuwa, masu rarraba su sun bayyana cewa na gudanar da aiki ne, ba su da ƙarfin doka. Burtali, wanda dokar gandun kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ta zo cikin zamaninsa, da wuya a gan shi a cikinsu, haka ma gonar gado da ke hutu da kurmin da al'umma ke girmamawa. A yankin da saɓani kan mayar da kasuwar Zangon Kataf wani sabon wuri ya zama mafarin rikicin 1992 da aka yi asarar rayuka masu yawa, ɗaukar layin da aka zana don rabon allura a matsayin hujjar mallakar ƙasa abu ne mai haɗari.

7.0 Sunayen Wurare a Cikin Rumbunan

Rumbunan sunaye na duniya, kamar GeoNames da na hukumar sunayen wurare ta Amurka, sun kwashi mafi yawan sunayensu na Nijeriya daga tsofaffin taswirori, sababbin manhajoji kuma daga gare su suke kwafa. Matsaloli uku ne suka biyo wannan hanya.

Ta farko ita ce ta sunan waje da sunan gida. Taswira ta ce Kagoro, masu wurin suna cewa Gworok; ta ce Kafanchan, suna cewa Fantswam; ta ce Manchok, suna cewa Tsok; ta ce Kwoi, suna cewa Kwain. Haka abin yake ga sunayen al'ummomi: Kataf da Atyap, Kaje da Bajju, Jaba da Ham, Kagoma da Gwong, Kadara da Adara. Yawan sunayen da ke farawa da ka- abin nazari ne. A Jju, mutanen su ne Bajju, harshen Jju, ƙasar kuma Kajju, wanda ke nuna cewa Kaje na Hausa daga siffar da ke nufin wuri ya samo asali, aka faɗaɗa ta ta rufe mutanen da harshensu. Wannan gado ya shiga har cikin lambobin harsuna na duniya, inda alamar Jju take kaj, ta Hyam jab, ta Adara kuma kad.

Ta biyu ita ce ta ƙa'idar rubutu. Masu safiyo sun bi tsarin ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Ingila, wanda ke ɗaukar baƙaƙe yadda suke a Ingilishi. Shi ya sa ch ta zauna a Kafanchan da Kachia da Manchok, alhali daidaitacciyar Hausa ta koma ga c tun shekarun 1930. Alhamzar Jama'a takan ɓace, a sami Jemaa da Jema'a da Jama'a a rumbuna daban, haka ma Zangon Katab da Zangon Kataf da Zango Kataf. Ga ɗan Adam duk wuri ɗaya ne, amma ga kwamfuta wurare uku ne, kuma idan aka haɗa jerin makarantu da jerin ƙauyuka sai wasu su zube. Baƙaƙe masu lanƙwasa na Hausa da wasula masu ja a ƙasa na Tyap ba su da gurbi a tsohon tsari, karin sauti kuwa ba a ma yi zancensa ba.

Ta uku ita ce ta taswirar harsuna kanta. Jerin harsunan Nijeriya na Hansford da Bendor-Samuel da Stanford na 1976, da bugu na biyu na Crozier da Blench na 1992, sun yi ƙoƙarin kawo sunayen gida tare da na waje, kuma a kan taswirorin safiyo suka dogara wajen nuna mazaunin kowane harshe. Rumbun Glottolog yana ba kowane harshe ɗigo ɗaya, Ethnologue kuma yana shata masa fili mai launi. Babu ɗayansu da zai iya nuna gari irin Kafanchan, inda mutum ɗaya ke magana da Fantswam ko Jju a gida, Hausa a kasuwa, Ingilishi a makaranta.

Sai dai sabon tsari ya zo da damar da takarda ba ta da ita. A shafin safiyo wuri ɗaya suna ɗaya yake samu, saboda ƙarancin fili. A OpenStreetMap kuwa ɗigo ɗaya yana iya ɗaukar suna a kowane harshe, kowanne da alamarsa, ha ga Hausa, kcg ga Tyap, kaj ga Jju, ba tare da an goge wani ba. Masu harsunan sun riga sun fara shiga fagen intanet, domin an buɗe Wikipedia ta harshen Tyap a 2022.

8.0 Kammalawa

An ga yadda taswirar kudancin Kaduna ta ginu bisa buƙatun masu zana ta: madugu yana neman zango, Di'o yana neman haraji, kamfani yana neman kuza, injiniya yana neman gangare, ma'aikacin lafiya yana neman yaron da ba a yi wa allura ba. Ta fuskar awo, abin da ke hannun jama'a kyauta a yau ya zarce abin da ofishin safiyo ya mallaka a 1960. Ta fuskar suna kuwa, yawancin abin da ke cikin rumbunan shi ne abin da ma'aikacin safiyo ya ji ta bakin tafinta shekaru da dama da suka wuce.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara taron daidaita sunayen wurare tun 1967, kuma ta ɗora alhakin aikin a kan kowace ƙasa. Aikin da ya rage a wannan yanki na masana harshe ne: a bi shafi na 167 da na 188 ƙauye bayan ƙauye, a naɗi kowane suna daga bakin masu wurin, a rubuta shi da ƙa'idar harshensa tare da karin sautinsa da ma'anarsa, a ajiye sunan Hausa a gefensa da daidaitaccen rubutu, a haɗa su da lambobin GPS, sa'an nan a zuba su inda kowa zai iya samu. Sassan nazarin harsunan Nijeriya na jami'o'i da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya suna da ɗalibai 'yan asalin waɗannan ƙauyuka, kuma dattawan da suka san sunan kowane rafi da kowane dutse da dalilin sa masa sunan suna raye a cikinsu har yanzu.